Don Eusebio, Mai Shayar da Piyano Arba'in

Ƙarfe shida da rabi na safe Eusebio Tafoya, wanda muke kira Don Eusebio saboda girmamawa, yake ajiye tsohuwar akori-kurarsa a bayan ginin sashen kiɗa na jami'armu. Ya cika jarka biyu a famfon banɗaki, ya fara zagaye. Piyano arba'in ne a ginin, kowanne da 'yar tasar ruwa a ƙarƙashin cikinsa, kuma sai ya durƙusa ya zuba wa kowanne rabonsa. Iskar wannan tudu namu na yammacin Amurka ba ta san tausayi ba. In aka bar katako da ita mako biyu sai ya tsage, muryar piyano ta karkace. Injin da aka ce zai riƙa jiƙa iskar ginin ya mutu tun ba a haifi ɗaliban yanzu ba. Shekara talatin da shida ke nan gwiwoyin bawan Allah nan ne ke yin aikin injin.

A takarda an ɗauke shi ne don saita muryar piyano. Amma da damina ta faɗi rufin ginin ya fara yoyo, shi ne mai tamfol, shi ne mai bokiti. A ɗakin ƙasa yana da wata kusurwa da yake kira maƙabarta, inda ya tara piyanon da suka gama yayi, yana ciro tsirkiyar wannan ya ɗaura wa wancan. Farfesa Loretta Begay, shugabar sashen, ta ga ranar da silin ya ɓalle ana cikin jarrabawa. Kowa ya yi ƙofa, shi kuwa ya yi ciki, ya kifa jikinsa a kan babban piyanon zaure, ruwa da burbushin siminti suna zuba a bayansa.

"Don Eusebio, ka haukace ne? Fito!" in ji ta.

"Ni ina bushewa, Farfesa. Shi ba ya bushewa."

Abin da yake so a duniya bai taka kara ya karya ba. Yana so ya ji wannan babban piyano, da ya yi rabin rayuwarsa yana lallaɓawa, ana buga shi a zaure na kirki, ba a wannan ɗaki mai amsa-kuwwa kamar rijiya ba. Kuma yana da dalilin gaggawa. Shekara tara da suka wuce likita ya gaya masa kunnensa ya fara tafiya, sannu-sannu, daga siraran muryoyi zuwa ƙasa.

To a jiharmu ba a gina wa jami'a zaure don wani ya ga dama. Sai gwamnati ta sayar da takardun lamuni, wato ta ci bashi, ita kuma ba ta sayarwa sai jama'a sun ce i a ranar zaɓe. Tambayar tana can bayan takardar ƙuri'a, a ƙasa, bayan mutum ya gaji da zaɓen gwamna da alƙalai da ba ya ko sanin fuskokinsu. Mu kuwa mutanen nan, mun iya zuwa rumfa da sassafe, mun iya manna shaidar zaɓe a ƙirji muna taƙama, amma juya takarda ya gagare mu.

Doka ta hana ma'aikacin jiha neman ƙuri'a a bakin aiki. Saboda haka Don Eusebio ya riƙa cinye hutunsa na shekara a kan wannan magana. Yakan tsaya daidai inda doka ta shata, nesa da ƙofar rumfar zaɓe, a sanyin Nuwamba, riƙe da kwali da ya rubuta da fentin mota: JUYA TAKARDAR. Bai ma ce a ce i ba.

Karo na farko jama'a suka ƙi. Amininsa Fidel Armijo, mai sayar da abincin dabbobi, ya tarar da shi a wurin ya ce, "Aboki, rijiyar gonata ta ƙafe, kai kana so in ci bashi don 'ya'yan mutane su yi kiɗa?"

"Jikarka ce ke buga goge a ɗaki na bakwai, Fidel. Ƙarƙashin yoyo."

"Ai ita ta jawo wa kanta," in ji Fidel, ya miƙa masa kofin kofi mai zafi, ya shiga ya ce a'a.

Karo na biyu shi ya fi ciwo. Da ƙuri'u kaɗan aka faɗi, alhali dubban takardu sun shiga akwati bayansu fari fat. Washegari yana karya kumallo, matarsa Ofeliya tana juya waina a kasko ta ba shi baya.

"Tsohona," ta ce, "in gaya maka wani abu ba za ka yi faɗa ba?"

"Faɗi."

"Layin ya yi tsawo, wake na kan wuta... Ban juya ba. Sai da na zo mota na gan ka da kwalinka."

Ya miƙa mata farantinsa ya ce, "Ƙaro mini barkono, tsohuwa." Ita ce ta ba ni labarin nan da bakinta, tana kuka, ta ce da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Na koyar da waƙa a ginin nan shekara ashirin, kuma ban taɓa jin haushin mutanena kamar wannan makon ba. Shi kuwa ranar Litinin ya cika jarkokinsa kamar kullum.

Bara, a karo na uku, aka ce i. Aka yi shagali a harabar jami'a, manya suka hau mumbari, kowa yana cewa shi ya yi. Babu wanda ya kira sunan mutumin da ke tsaye a baya da rigar aiki. Magina suka ce shekara huɗu, in komai ya tafi daidai.

Ba a yi wata uku ba ya ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa Begay, hularsa a hannu. Babu wanda ya kai ƙararsa, shi ya kai kansa.

"Jiya wata ɗaliba ta buga a gaban iyayenta, na ga ta yamutsa fuska a muryoyin sama. Ni na saita piyanon nan da safe, Farfesa. Ban ji komai ba. Ki nemi mai kunne."

Ta ce akwai na'ura, ta ce zai iya zama ya riƙa duba aikin wani. Ya girgiza kai. "Na'ura tana gaya maka daidai ne. Ba ta gaya maka ko ya yi daɗi." Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Don Eusebio, kai ne ka riƙe mana ginin da muka ƙi riƙewa. Kai ne ɗalibai dubu suka buga a kan aikin hannunka, suka karɓi tafi, suka tafi ba su san sunan mahaifinka ba. Mun sa ka jira har abin da kake jira da shi ya ƙare, kuma ba ka taɓa yi mana gori ba. Mun gode, kuma muna jin kunya. Wanda duk ke da aikin da ba a gani, a asibiti ko a makaranta, ya dubi mutumin nan ya san yadda ake yi. Wanda kuma ke da irinsa a kusa, ya biya masa buƙata tun yana iya morewa.

Farfesa ta tambaye shi ko a sa sunansa a jikin wata kujera ta sabon zauren. Ya ce a bar wa masu kuɗi kujerunsu.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ranar buɗewa, in ina raye, ku bar ni in hau dandamali in tsaya a gefe. Ba zan yi magana ba. In an fara bugawa, zan ɗora tafin hannuna a kan katakon piyanon, in ji shi ta nan."