Sakace da Tikitin Kawu

Duk zuwan da nake yi Dubai sarin abaya da takalma, shagon kago guda, na masu jigilar kaya zuwa gida, nake kai kayana a unguwar Al Ras, saboda ƙanin mahaifiyata a nan yake aiki. Kawu ya haura sittin, shi ke auna kaya yana rubuta suna a jikin buhu. Da ƙuruciyarsa ya je karatu Amurka, ya dawo bai gama ba, sai son besbol da ya kwaso, ƙwallon nan da suke bugawa da kulki. Guntayen tikiti yake tarawa, rabin da ake yage wa ɗan kallo a bakin ƙofa, kuma na wasannin ƙarshe na cin kofi kaɗai. Wasu ma sun girme shi. Yana musaya da Turawa ta waya, a aiko masa, ya saka kowanne a 'yar leda ya jera cikin gwangwanin alawa. Ɗakinsu na unguwar Hor Al Anz mutane sun yi yawa, shi ya sa gwangwanin ke zaune a ƙarƙashin teburinsa na shago.

Mai shagon wani Alhaji ne ɗan garinmu wanda Kawu ya kusa haifa. Ba ya ce masa Baba ko Malam, Ba'amurke yake kiransa.

Wata rana na kai kaya da azahar, na tarar Alhaji ya yi baƙi daga Kano, an baje shinkafa da naman rago. Na zauna gefe ina jira.

"Ba'amurke, yalla, maza zo ka nuna musu yadda ake bugawa," in ji Alhaji.

Kawu ya ce bayansa na ciwo. Alhaji ya miƙa masa sandar tsintsiya, ya jefo masa lemo. Kawu ya kai duka ya kuskure, hularsa ta faɗi. Baƙi suka kwashe da dariya, har wani ya ƙware.

Abin bai ishi Alhaji ba. Ya jawo gwangwanin da hannunsa mai maiƙo, ya zazzage a kan tabarma, yana ɗagawa ɗaya ɗaya. Da ya kai kan wani tikiti ruwan ɗorawa da ya koɗe, Kawu ya matso.

"Alhaji, don Allah ban da wannan. Shi kaɗai ne na wasan da na shiga filin da ƙafata."

"To ai shi zai fi ƙwari."

Ya zare shi daga leda, ya ninke biyu, ya sake ninkewa, ya buɗe baki ya hau sakace da shi a tsanake, yana kallon Kawu. Da ya gama ya jefa kan ƙasusuwa.

Na miƙe. "Alhaji, ka ji tsoron Allah, sa'an mahaifinka ne fa."

Ko kallona bai yi ba. "Hajiya, jirgin gobe kike so kayanki su bi, ko sai wani makon?"

"Zauna, 'yar nan," Kawu ya ce a hankali. Ya tattara sauran tikitin, sannan ya ɗauki farantin ya fita da shi.

Da la'asar Kawu ya raka ni bakin ruwa, inda nake shiga kwalekwale zuwa masaukina. Na rantse masa ba zan ƙara kai kaya shagon nan ba. Ya ce bizarsa a hannun Alhaji take, in na janye shi za a huce a kansa. Ya kuma roƙe ni kada mahaifiyata ta ji.

Haka na ci gaba da kai kaya. A zuwana na gaba na tarar da wasu sababbin baƙi, Alhaji na ba su labarin, yana ƙarawa da cewa Kawu har kuka ya yi. Ya juya wajen sikeli.

"Ba'amurke, ba haka aka yi ba?"

Kawu bai ɗago daga buhun da yake ɗaurewa ba. "Haka aka yi, Alhaji."