Yaron da Ake Zurawa Cikin Rumbu

Kwanan baya 'yata ta miƙo mini wayarta, wai in ga wasu mutane da ke zaune a kan duwatsu a wata ƙasa mai nisa da ake kira Papua. Ɗakunansu zagayayyu, hayaƙi na fita ta cikin jinka, aladu na kai da komo, wata tsohuwa tana tono dankali daga cikin toka. Ita abin mamaki ta gani. Ni kuwa ina zaune a falona a Jos sai na ji ƙaurin hayaƙin nan a hancina. Na ce mata, "Ke, ai wannan gidan kakana ne."

Ƙauyenmu yana can bisa dutse, mota ba ta kaiwa. Idan aka ba mu dogon hutu, mahaifina yakan sa ni a motar da ke bi ta Bukuru, a sauke ni a gindin dutse, daga nan sai ƙafa. Hanyar siririya ce tsakanin shingen ƙerana, wadda in ruwanta ya faɗa maka ido sai ka kira uwarka. Babu asibiti, babu famfo. Mai naƙuda in abu ya ƙi, a kan ƙyauren ɗaki maza ke saukowa da ita. Kullum da damina nake zuwa, lokacin da gajimare ke saukowa har tsakar gida, sanyi ya shiga ƙashi, mu yara mu maƙale a bakin murhu muna jiran gwate, faten acca da ganye. Lokacin ne kuma tsohuwar acca take ƙarewa, sabuwa ba ta nuna ba tukuna.

A gidan akwai ɗan baffana, sa'ana ne. Ni ke da takalmi da rigar sanyi, ni ke jin Turanci. Amma shi ke da Kaka. Tsohon yakan yi masa magana da yarenmu, wanda ni sai dai in tsinci kalma nan da can, su yi dariya tare. Ni kuwa da Hausa yake kirana, "Ɗan Jos, zo ka ci." Ba zan ɓoye muku ba, duk sanda ya dafa kan yaron nan sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rumbu. Rumbun Kaka na ƙasa ne, dogo, ba shi da ƙofa sai wani ƙaramin baki a sama, ƙarƙashin hular ciyawa. Babba ba ya shiga, yaro ake zurawa. Kaka zai jingina tsani, ya ɗaga hular, ya riƙe hannuwan ɗan baffana ya sauke shi ciki. Can sai ka ga hannunsa ya ɓullo da kwandon acca. In ya fito, ya kai baki kunnen tsohon ya raɗa masa wani abu, tsohon ya gyaɗa kai. Ka'idar gidan ke nan: abin da yaro ya gani a rumbu, mai gida kaɗai ke ji. Mata ba sa tambaya. Amma suna satar kallo, domin in hannun yaro ya fito da kwando cikin sauƙi, sun san a kan acca mai yawa yake tsaye.

Na roƙi Kaka ba sau ɗaya ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan makaranta ne. Ku an koya muku in kun san amsa ku ɗaga hannu ku faɗa da ƙarfi. Rumbu ba ya son wannan."

Wata shekara, ina tsakiyar hutu, fartanya ta sare ɗan baffana a ƙafa, ƙafar ta kumbura. Allah ya yafe mini, na yi murna. Babu wani yaro a gidan da zai iya shiga sai ni. Da hantsi Kaka ya kira ni gindin tsani, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Abin da idonka ya gani, kunnena kaɗai. Ka ji?" Na ce na ji. Matar baffa tana daka a gefe, baffa yana wasa fartanya, ɗan baffana yana zaune a kan dutse da ƙafa a ɗaure.

Cikin rumbu duhu ne, da ɗumi, da ƙamshin tsohuwar ciyawa. Ƙafata ta sauka a kan wani abu mai tauri. Da idona ya saba da duhun sai na ga babbar tukunya ce aka kife. Acca kuwa 'yan dammuna ne a jikin bango, ko gwiwata ba su kai ba. Nan take na gane. A kan tukunyar nan ɗan baffana yake tsayawa ya miƙa kwando, don a zaci rumbu na da nauyi. Zuciyata ta ce mini, yau na kama ɗan gaban goshi.

Ban jira an fito da ni ba. Daga ciki na ɗaga murya, rumbun ya amsa kamar ganga: "Kaka! Ƙarya yake yi muku! A kan tukunya yake tsayawa! Babu komai a nan, saura kaɗan!"

Taɓarya ta tsaya. Shi ne abin da na fara ji, shirun taɓarya. Kaka ya jawo ni waje, ya mayar da hular rumbu, ya juya mini baya. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Matar baffa ta ce, "Baba, gaskiya ne?" Tsohon ya ce, "Yaro ya faɗa." Na juya wajen ɗan baffana ina jiran in ga kunyarsa. Sai ya ce, a hankali, da Hausa don in ji sosai, "Kai wawa ne. Kaka ne ya ba ni tukunyar."

Washegari baffa ya rataya jaka ya sauka Bukuru neman aikin haƙar kuza, ya bar gonarsa ba a gama noma ba. Gwate ya koma ruwa, domin matar baffa ta fara tsoron ludayi. Ciyawa ta cinye gonar, shekarar da ta biyo ma rumbu bai cika ba. Daga baya mahaifina ya bayyana mini cewa tsohon ya riga ya auna: abin da ya rage zai kai su sabuwar acca, in dai hankalin mutane na kwance kuma kowa na gona. Ya ce yunwar da ba a san da ita ba ta fi saurin wucewa.

Ga abin da na fi jin kunyarsa. A ranar nan ba yunwar da na jawo ce ta fi yi mini ciwo ba. Abin da ya ƙona ni shi ne su biyun suna da asiri, har da tukunya, ni ban sani ba. Da Kaka ya kwanta ciwon ajali, ni na sayo magani daga Jos na hau dutse da shi, amma ɗan baffana tsohon ya kira gefen gadonsa, ba ni ba.

Yanzu babura suna kaiwa rabin dutsen, an yi ƙaramin asibiti, rufin kwano ya fi jinka yawa. Ni buhu nake saye a kasuwar Farin Gada, kowa a gidana na iya leƙa sito ya ga abin da ya rage. Ɗan baffana yana nan bisa dutse, ya yi furfura, shi ne mai gida. In rigima ta taso a dangi, shi ake kira, ni sai dai a sanar da ni bayan an gama.

Bara na hau gaishe shi da damina. Na tarar yana zura jikansa cikin sabon rumbu. Yaron ya fito, ya raɗa masa a kunne, ya gyaɗa kai. Sai na ji barkonon nan ya motsa, ni da nake da jikoki. Na matsa kusa na ce, "Ɗan'uwa, yaya dai, zai kai ku?"

Ya mayar da hular rumbu, ya sauko daga tsani yana murmushi.

"Ɗan Jos," ya ce, "zo ka ci."