Sojan da Mai Agogo Ya Ƙi Ci

Mai Agogo mutum ne da ba ya son gaggawa. Tun yana saurayi yake zaune a shago ɗaya, gilashi manne a ido, yana tsince ƙura daga cikin agogunan mutane. Wasan ces kuwa, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da limami da doki da sojoji, a makaranta ya koya, wurin wani malamin lissafi da ya hana su taɓa ko soja ɗaya sai sun wanke hannu. Har ya tsufa bai daina wankewa ba.

A ƙofar shagon akwai kujera mai jingina guda ɗaya, sai wani akwatin katako. Dokarsu shi da taubashinsa, wani direban babbar mota da ya ajiye aiki, ita ce wanda ya ci wasan la'asar shi ke da kujera washegari. Shekara da shekaru Direba ne a kan akwati.

Ana nan sai Direba ya zo da sabon salo. Da an jera, sai ya tunkuɗo sojan da ke gaban dokin sarkinsa taki biyu, ya bar shi tsirara ba mai tsaro.

"Wannan wane irin tuƙi ne, ba birki?" in ji Mai Agogo.

"Kyauta ce, tsoho. Karɓi abinka."

Mai Agogo kuwa an rene shi a kan cewa in aka miƙo maka abu, mayarwa rashin tarbiyya ne. Sai ya sa limaminsa ya cinye sojan, har da godiya. Limami na barin gida, sarauniyar Direba ta zagayo ta wancan gefen ta shiga ɗibar kaya. Haka aka yi ta yi, Mai Agogo ya koma akwati, bayansa ya fara ciwo.

"Malam, wai kai kullum sai ka ci?" matarsa ta tambaya tana shafa masa man zafi. "Ko a gidan biki ba ka haka."

Da safe an gan shi yana ta motsa baki a kan wani agogon bango.

Da la'asar Direba ya miƙe ƙafa a kujera ya tunkuɗo sojansa. Mai Agogo ya tura nasa na tsakiya. Direba ya gyara wa limaminsa zama, ya jira. Tsohon ya kai hannu, yatsunsa suka yi shawagi a kan kyautar, sannan ya janye, ya tura wani soja taki ɗaya ya tokare na tsakiyar.

"A'a! Ba ka gani ba ne? Sa gilashin mana."

"Na gani. Na ƙoshi."

"Kai da ko ruwan wanke hannu aka ba ka sai ka yi godiya?"

"Yau dai Allah ya amfana."

Hanya ta toshe wa limamin Direba. Sojan da ya yi gaba ya zama abin raino, sarkin kuma ba ƙofa ba labule. Kafin a kira magariba an rutsa shi a lungu.

Direba ya daɗe yana kallon allon.

"Wallahi kai ba ɗan'uwan arziki ba ne. A ba ka abu ka ƙi?"

"Gobe ka zo da matashi," in ji Mai Agogo yana jera sojoji a gwangwani. "Akwatin akwai ƙusa a gefen hagu."