Hoton Dakta Shifa a Shafin Malam Seidu

Seidu ɗan Zangon Kumasi ne, mutum mai ƙafar yawo da saurin gundura. Ya yi kafinta, ya yi kwandasta, da ya zo Manchester ya shekara tara yana jan bas a Wilmslow Road har bayansa ya fara ciwo. Daga nan ya nemi lasisin koyar da tuƙi, ya kafa allo a saman wata farar ƙaramar mota.

Sana'ar ta karɓe shi. Ba ya tsawa, kuma da Hausa yake bayani, don haka matan Old Trafford da Cheetham Hill suka riƙa miƙa wa juna lambarsa a wurin suna da walima.

Ana haka ya ci karo da shafin wani mai koyar da tuƙi, mabiya dubu arba'in. Tun ranar hankalinsa bai kwanta ba. Ya buɗe nasa a Instagram, cikin wata biyu ya sauya masa suna sau uku, har masu nemansa suka daina gane shi. Yau ya sa bidiyon fakin, gobe ƙwallo, jibi farantin shinkafa da wake. Da ɗaliba ta sauka, kafin ta rufe ƙofa ya zaro waya yana duba mutum nawa suka ƙaru.

"Baban Hana," in ji matarsa Azara wata safiya, "mata biyu sun ce sun yi maka saƙo a shafin nan, shiru."

"Zan duba."

"Makon jiya ma haka ka ce."

Bai duba ba. Yana tsaye yana kurɓar shayi, yana neman abin da zai sa mutane su tsaya su kalla.

A cikin ɗalibansa akwai Dakta Shifa, likita 'yar Kano, ta haura hamsin. Sau huɗu tana faɗuwa jarrabawar tuƙi, ba wanda ya sani sai mijinta da Seidu. Ranar da ta ci a karo na biyar har da hawayenta. Ya ce ta riƙe takardar ya ɗauke ta hoto, ta riƙe tana dariya. Bai gaya mata inda hoton zai je ba.

Kafin la'asar ya sa shi a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: "Sau huɗu tana faɗuwa! Ko likita ma sai da Malam Seidu." Nan da nan abu ya bazu. Seidu ya kasa zama, yana kai da komo a falo yana nuna wa Azara waya.

"Ka tambaye ta?" ta ce.

"Ai yabo ne."

Washegari da hantsi Dakta Shifa ta kira. Muryarta a kwance, abin da ya fi tsawa tayar masa da hankali.

"Malam Seidu, ƙanwata ce ta turo min hotona daga Birmingham. Can ma ya kai. Yau da safe wani mara lafiya ya shigo wurina yana min barka, yana murmushi."

"Hajiya, wallahi ban yi da wata manufa ba."

"Na sani. Amma a motarka na yi kuka, don na ɗauka ni da kai ne kawai a ciki. Ka cire."

Ya cire, sai dai mutane sun riga sun adana. Ranar Asabar ya ɗauki Azara suka je har gida ban haƙuri. Ta karɓe su, ta kawo lemo, ta ce ya wuce. Ba ta ƙara tura masa kowa ba. Cikin makon mata uku suka soke darasinsu, kowacce da uzurinta. Mabiya kuwa sun ƙaru da dubu biyu, yawancinsu ba ma a ƙasar suke ba.

Awannin da suka zame masa fanko ne suka sa ya tsaya a gefen titi a Cheetham Hill ya buɗe saƙonnin. Sittin da ɗaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ba su amsa. Mafi yawa sun sami wani malamin. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Latifa, wadda ta taso daga Birmingham kwanan nan, ita ce ta ce har yanzu tana nema.

Ranar darasin farko ta tsaya a bakin mota, ba ta shiga ba.

"Malam, na ji labarin hoton. Ka sa wayarka a but, can bayan mota."

Seidu ya fito daga motar. Ya zagaya ya ajiye ta, ya dawo ya zauna. Awa guda hannunsa na kaiwa aljihu yana dawowa. A shataletalen farko motar ta mace mata, na baya suka hau hon.

"Kada ki kula su," ya ce. "Taka kuloci, sake tayarwa. A hankali."