Tulun Uwar Zumunta

Har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in ɗaga kai in dubi rufin ɗaki. A daminar bara ne ɗakinmu na laka ya rufta mini, a ƙauyenmu kusa da Tsarnawa. Da rana tsaka ne, ruwa ya wuni yana zuba, ina zaune kan tabarma ina bitar karatun lakwal, makarantarmu ta boko. Ban ga komai ba. Wani sauti kawai na ji mai zurfi, dum, sai duhu, sai ƙasa cikin bakina. Maƙwabtanmu ne suka tono ni da hauya da hannu, suna salati, Inna tana kiran sunan Yesu. A gidan likita na Konni aka ce ƙashi bai karye ba.

Kafin wannan ni ke ba da waƙa a majami'armu. Ƙarama ce, rufin kwano, amma in matan zumunta, ƙungiyar matan majami'ar, suka zauna da tulunansu na kiɗa sai ka ce biki ake. In ɗaga, su amsa, caki na kaɗawa, guɗa na tashi. Babban tulun na uwar zumunta ne, shugabarsu, wata tsohuwa mai yawan ba'a. Takan riƙe shi tsakanin ƙafafunta, tana dukan bakinsa da guntun soson katifa da aka naɗe da tsumma. Shi ke riƙe da waƙar duka.

Lahadin da na koma, na miƙe, na buɗe baki, uwar zumunta ta sauke hannu kan tulun. Dum. Sautin nan ne, shi ne dai. Ban san lokacin da na fita ba, sai ganina na yi a durƙushe bayan majami'a ina kakkaɓe ƙasar da babu ita a kaina. Daga nan ban sake zuwa ba.

Kaka ta yi, sujadar godiyar girbi ta matso. A wurinmu kowane gida kan kai damin hatsi gaban majami'a da rawa, kuma wanda Allah ya tsamo daga wani hatsari a shekarar, shi ke ba da waƙar gidansu. Inna ta ware daminta mafi kyau ta jingine a zaure. Kullum na wuce sai na gan shi.

Ana gobe sujadar, sai ga uwar zumunta da tulun a ka.

"Ina ƴar gudun hijirar? Ga wanda ya kore ki na kawo, ku sasanta."

"Iya, don Allah kar ki buga shi."

"Ni? Hannuna ya gaji. Zamna nan, ɗiyata. Wanga tsoho ya girmi uwarki, kuma bai taɓa faɗa ma kowa bisa kai ba."

Ta dire shi tsakanin ƙafafuna, ta ɗora tafina na hagu kan cikinsa. Sanyi gare shi. Ta danƙa mini soson. Na daɗe ina kallonsa kafin na taɓa bakin tulun a hankali. Ya yi ɗan gurnani, na ji shi cikin tafina.

"Wanga duka ne ko gaisuwa? Ƙara!"

Na ƙara. Dum. Wannan karon na san zuwansa, ni na kira shi. Na tsaya, ya yi shiru. Na sake, ya amsa. Hawaye na zuba ina bugawa, tsohuwar na tafa mini, har na ji Inna daga madafa tana rera waƙar ƙasa-ƙasa.

"Gobe ke da tulu," in ji uwar zumunta. "Ni zan ba da waƙa. In kunnuwansu sun yi ciwo, alhakinki ne."

Haka aka yi. Na zauna ƙasa cikin matan, na jawo tulun gabana. Ta ɗaga waƙar da muryarta mai kama da ta akuyar ƙauyen Bazaga, mata na amshi suna dariya, Inna ta taho da daminta a ka tana taka rawa a hankali. Ta kai tsakiyar majami'a, sai tsohuwar ta kama tari. Har yau ban san ko da gaske ta yi ba. Amshi ya ƙare, ba mai ɗagawa, Inna ta tsaya da dami a ka, ta waiwayo ni.

Na buga tulun, na ɗaga waƙar daga zaune. Muryar siririya ta fito, tana karkarwa. Suka amsa da ƙarfi har kwano ya ɗauka, wata ta rangaɗa guɗa, Inna ta ci gaba da takawa, fuskarta jiƙe.

Uwar zumunta ba ta karɓi tulunta ba har yanzu. Yana kusurwar sabon ɗakinmu. In hadari ya taso, nakan jawo shi in rungume.