Takaba da Wa'adin Rajista

Na daɗe ina aikin gwamnati, na manta abubuwa da yawa, har da sunayen wasu shugabannin da na yi wa hidima. Amma akwai wata Laraba guda da na san har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ban yi sata a ranar ba, ban zagi kowa ba. Layi ɗaya kawai na cike a takarda, kuma har yau ina jin nauyinsa.

A lokacin ina sashen jin daɗin jama'a na wata ƙaramar hukuma a nan ƙasar Gumel. Mu dai an san mu da jiran ruwa. Mun tashi muna ganin ana fita roƙon ruwa, gero yana yaushi a rairayi, manoma suna ɗaga kai sama. Sai ga wata damina da ta zo mana a birkice. Aka kwana uku ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, tapkuna suka cika suka haɗe. Akwai wani ƙauye da kakanninsu suka kafa a cikin kwari don su kusanci ruwa, shi ya fi jin jiki. Katangun ƙasa suka jiƙe suka riƙa zubewa, mutane suka kwashe abin da ya samu suka koma makarantar firamare da ke kan tudu.

Gwamnati ta fito da tsari, kuma tsakani da Allah tsarin mai kyau ne. Za a tayar da ƙauyen gaba ɗaya a mayar da shi kan tudu kusa da titi. Kowane magidanci zai sami fili, da kwanon rufi, da siminti. Sharaɗin kawai shi ne ya zo da kansa a ɗauki hotonsa ya dangwala yatsa, saboda a rabon baya an sha cusa sunayen mutanen da babu su. Kwana uku aka ba mu mu gama. Ni ke cike takardu, abokiyar aikina kuma ke ɗaukar hoto. Wata Kirista ce 'yar Filato da ta daɗe a Gumel, kowa Madam yake ce mata, Hausa kuwa a bakinta sai ka rantse a nan aka yanke mata cibiya.

Ni kuwa a shekarun nan ji nake da kaina. Na yi difloma, ina da babur sabo, kuma idan na ce "ƙa'ida ce" sai in ji kamar ni na rubuta ta.

Rana ta uku, bayan azahar, muna zaune a barandar aji, sai wata tsohuwa ta ratso layi ta durƙusa a gaban teburina. Zaninta a jiƙe yake har gwiwa.

"Ɗan nan, akwai sauran mutum ɗaya," in ji ta.

Na ce, "To ya zo mana, Iya, ga layi nan."

"Ba namiji ba ne. Kuma ba za ta iya zuwa ba, takaba take yi."

Ta yi mana bayani. Maƙwabciyarta ce. Mijin ya koma ya kwance awakinsu ne katanga ta faɗo masa, mako biyu ke nan da binne shi. A duk gidan ɗaki ɗaya ya rage a tsaye, a ciki take da 'ya'yanta huɗu, ƙaramin yana goye. An yi an yi ta dawo makaranta ta ƙi, ta ce a ɗakin mijinta za ta cika kwanakinta. Maƙwabta ke ratsa ruwa suna kai musu abinci.

Nan take na zama malami. Ni da karatun allona bai kai izu goma ba, na gyara zama na ce, "Iya, ai wannan larura ce. Addini bai hana ta fita ba idan akwai larura. Ki je ki gaya mata ta zo."

Tsohuwar ta ce, "An gaya mata, ɗan nan. Liman ma ya aika. Ta ce ta ji, amma zuciyarta ba ta ba ta ba."

Madam ta ajiye na'urar hoton ta dube ni. "Malam, to mu mu je mana. Ni mace ce, har cikin ɗakin zan shiga in ɗauke ta. Kai ka tsaya a waje da takardarka."

Daga inda muke ana hango ragowar rufin ƙauyen. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, sai dai akwai wurin da ruwa ke kai wa gwiwa. Na dubi layi, da sauran mutane. Na dubi gabas, hadari ya fara haɗowa. Direban da ya kawo mu ya riga ya ce da la'asar zai juya. Waɗannan su ne dalilan da na ba Madam, kuma duk gaskiya ne. Wanda ban faɗa ba shi ne farar shadda ce a jikina, don an ce manya za su leƙo, kuma ba na son shiga taɓo. Son jiki ne kawai, yau na iya kiran sa da sunansa.

Ana cikin haka wani mutum a layi ya ɗaga hannu ya ce shi ne wan mamacin. Dogo ne, ramamme, da alama ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Sai na ga mafita ta zo har gabana.

Na ce, "Malam, ashe kana nan. Yanzu iyalin nasa ba a hannunka suke ba?"

Ya dubi mutanen da ke kewaye da mu. "A hannuna suke mana, Yallaɓai. Wa suke da shi in ba ni ba?"

Ni ɗan ƙasar nan ne. Na san babu namijin da za a yi wa wannan tambayar a gaban jama'a ya ce marayun ƙaninsa ba a hannunsa suke ba. Ko ba shi da ƙwayar hatsi a rumbu, haka zai amsa. Na san da haka lokacin da na yi tambayar, shi ya sa ma na yi ta. Na jawo takardarsa, a gurbin yawan iyali na ƙara mutum biyar, Madam ta ɗauki hotonsa, ya dangwala. Har muka koma Gumel Madam ba ta sake yi mini magana ba.

Tsohuwar ta matso ta ce, "An rubuta ta, ɗan nan?"

Na ce, "An rubuta ta, Iya."

Ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka, ta roƙa mini Allah Ya jiƙan mahaifana, Ya ba ni masu yi mini. Na shafa na ce amin, ta juya ta sake shiga ruwan. Alhali na sani sarai tsarin takarda yake ƙirgawa, ba kawuna ba. Takarda ɗaya fili ɗaya ne, ko mutum biyu ne a cikinta ko ashirin.

Ruwa ya janye, aka yi kaka, wanda ya sami ɗan abin yanka ya yanka. Takardu suka tafi Dutse suka dawo da sa hannu, aka yanka filaye aka raba, aka sauke kwano da siminti. Ni har na manta da zancen.

Wata Litinin da safe ina ofis sai ga tsohuwar nan ta yi sallama, bayanta wata mata da goyo. Matar ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta yi wanka ta sa wankakkun kaya, da sabon lalle a hannunta. Suka durƙusa muka gaisa.

Matar ta ce, "Malam, jiya na fita takaba. Iya ta ce an rubuta ni, hoto ne ya rage. Shi ne na zo a ɗauka."

Na buɗe fayil ina juya takardu kamar mai neman wani abu, alhali na san abin da ke ciki. Da na rasa abin juyawa na yi mata bayani, ina ta kwana-kwana, cewa sunanta yana ƙarƙashin wan mijinta, kuma an riga an rufe rajista an raba filaye.

Ta saurare ni har na gama. "Ba a jira ni ba ke nan?"

Na ce, "Kwana uku aka ba mu, baiwar Allah."

Ta ce, "Ni kuma wata huɗu da kwana goma aka ba ni. Na ɗauka kun san da shi, tunda ku ma 'yan nan ne."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta gyara goyonta ta ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, suka fita. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Madam tana zaune a teburinta ta sunkuyar da kai, ni kuma na kasa ko kallon inda take.

Na yi ƙoƙari daga baya, amma ƙoƙarin da ya zo a makare. Na rubuta takarda, na bi ta ofis-ofis, aka ce in jira zagaye na biyu. Har na bar sashen ba a yi shi ba. Shi wan mijin ba mugu ba ne. Ɗaki biyu kwanonsa ya rufa, ga nasa iyalin sun cika su. Tsohon ƙauyen kuma an hana zama, ɗakin nata ma bai ga wata daminar ba. Dangi suka zauna suka yanke abin da suke ganin shi ne daidai. Manyan yaran biyu maza suka zauna wurin baffansu, macen aka ba wata gwaggonsu a Ɗanzomo, ita kuma ta ɗauki na goyen ta koma gidan iyayenta a tsallaken iyaka, gaba da Maigatari. Tsohuwar ce ta ba ni labari. Ta ce matar tana da sana'arta ta man gyaɗa da ƙuliƙuli, da ta sami inda za ta kafa ɗaki ko na kara ne, da ta riƙe 'ya'yanta duka.

Daga baya an sake tura ni irin wannan aikin sau da dama, don ruwan bai daina yi mana haka ba. Duk inda na sauka, kafin in buɗe takarda nakan tambayi mai unguwa wa da wa ba za su iya zuwa ba. Kullum akwai su: mai takaba, mai jego, tsohon da ƙafa ta ƙi. Da su nake farawa. Matasan da ke bina suna gunaguni, suna cewa ina ɓata musu lokaci.

Abin da na koya shi ne, komai kyawun tsarin da aka zana a ofis, masu ƙafar zuwa layi kawai yake gani, alhali wanda bala'i ya fi dannewa sau da yawa shi ne ba zai iya zuwa ba. Ganin sa aikin wanda aka tura ne. Ni aka tura, kuma na san al'adar mutanena sarai, amma sai na yi amfani da sanin don in hutar da kaina. Yara huɗu 'yan ɗaki ɗaya sun tashi a garuruwa uku, kuma ba ruwan sama ne ya raba su ba, ni ne.