Gidan Merle Mai Ƙusoshin Itace

Mu nan Vermont kowa ya san Merle Tatro. Shekara hamsin yana haɗa gidajen katako ba ƙarfe ko ɗaya, sai ƙusoshin itace da yake fiƙewa da hannunsa. Da ciwon ƙugu ya kai shi gidan tsofaffi, ɗansa Dwight ya rantse masa ba mai taɓa gidansu, wanda shi ma haka Merle ya haɗa shi.

Kafin ƙanƙara ta narke, Dwight ya sayar da katakon gidan, ya sa aka zare ƙusoshin, aka loda ginshiƙan zuwa wurin wani attajiri a Colorado.

"Baba, aikinka fa ya yi kyau," in ji shi a waya. "Ko tsagewa ba su yi ba."

"Don ka iya sauya ruɓaɓɓen ginshiƙi na koya maka zarewa, ɗan banza."

Daga ranar Merle bai ƙara ɗaukar wayarsa ba.